Telan Da Ke Kaɗa Gurmi, Amma Ba Ya Kaɗa Waƙar Kowa

Duk wanda ya san unguwar Agege ta birnin Ikko, ya san ba wurin da mutum zai je neman shiru ba ne. Tun daga asalatu har dare ya raba, ba abin da kunne ke sha sai ƙugin motoci da ihun 'yan kamasho da rurin injunan wuta, ga kuma jirgin ƙasa da kan ratsa lokaci-lokaci. To, a tsakiyar wannan hayaniya ce, wani dare kwana uku bayan Babbar Salla, na ji abin da ban taɓa tsammanin ji a can ba, watau amon gurmi, sanyi-sanyi, yana fitowa daga wani shagon ɗinki da aka sakaya ƙofarsa.

Ni kuwa ba sauraron kiɗa ya kai ni ba. Rigata na je karɓa, wadda aka yi mini alkawarin zan je Idi da ita, har Salla ta zo ta wuce ban ga ko aljihunta ba. Na taho da maganganu cike da bakina, amma da na isa bakin ƙofar sai na tsaya cik. Na tashi a gidan da kaset ɗin makaɗan Hausa ba ya yankewa, har ina alfahari da cewa da wuya a sa wani sanannen kiɗa ban faɗi mai shi ba kafin a kai ga amshi. Amma a wannan dare na yi kusan minti goma a tsaye ina lalube, da zarar na ce na kama bakin zaren sai kiɗan ya karkata ya bi wata hanya.

Da na yi sallama na shiga, sai na tarar da mai shagon da kansa, dattijon da ya ba shekara sittin baya, zaune bisa tabarma tsakanin kekunan ɗinki, da gurmi a cinyarsa. Bayan mun gaisa na ce, Baba, wannan kiɗan wane ne? Ya ce ba na kowa ba ne. Na ce, to, mene ne sunansa? Ya ce ba a raɗa masa ba. Na roƙe shi ya sake kaɗa mini daga farko, sai ya yi murmushi ya ce, ɗana, ai wancan ya tafi, ko ni da na kaɗa shi ban san inda zan same shi ba, sai dai in kana son wani.

Wannan amsa ita ce ta sa na yi ta komawa shagon nan har kusan wata biyu, domin in gane abin da zai sa mutum ya yi fiye da shekara arba'in yana kaɗa gurmi, ya kuma iya shi ƙwarai da gaske, amma ya ƙi kaɗa waƙoƙin da kowa ya sani, ya gwammace ya riƙa ƙaga nasa nan take, sa'an nan ya bar shi ya bi iska.

SHARAƊIN DA YA KAFA

Kafin ya yarda mu yi magana sai da ya kafa mini sharaɗi, cewa ba zan ambaci sunansa ko garinsu ba, ba kuma zan ɗauki hotonsa ba. Da na nemi dalili sai ya ce yana da 'ya'ya mata biyu da suka isa aure, ba ya so ranar da magabatan wani suka zo bincike a ce musu ai surukin nasu makaɗi ne.

Mai karatu na iya ganin wannan tsoro ya yi yawa, amma wanda ya san zaman Hausawa ya san ruwa ba ya tsami banza. A al'adarmu kiɗa sana'a ce ta gado, kuma a haɗe take da roƙo. Wani masani haifaffen ƙasar Jamaika mai suna M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya yi rubutu a kan roƙo a 1957, inda ya nuna yadda jama'a ba sa iya biki ko naɗin sarauta ba tare da maroƙa ba, amma duk da haka a can ƙasa ake ajiye su idan ana jera darajar sana'o'i. Zamani ya rage wannan, gama a yau akwai mawaƙan da suka fi attajirai da yawa dukiya da suna, amma ragowarsa na nan a zukatan dattawa, musamman idan maganar aure ta taso.

Telan nan kuwa ba a gidan kiɗa aka haife shi ba. Mahaifinsa malami ne mai almajirai a wani ƙauye na Arewa. Yana yaro ya ga wani baƙon makaɗi a kasuwa, ya dawo gida ya sami ɗan ƙoƙo da sanda da guntuwar fata ya harhaɗa abin da ya kira gurmi. Ranar da mahaifinsa ya gani, bai doke shi ba, bai kuma zage shi ba, sai kawai ya sa ƙafa ya take ƙoƙon, ya ce a gidan nan ba a miƙa wa kowa hannu. Daga baya aka kai shi birni koyon ɗinki, daga can ya gangaro Ikko, inda Hausawa suka daɗe da zama a Agege saboda fataucin goro. Da kuɗin ɗinkinsa na farko-farko ya sayi gurmi na gaske, mai tsirkiya biyu, wanda aka rufe ƙoƙonsa da fatar guza. Tun daga ran nan kuwa ya ɗaukar wa kansa alkawari biyu, ba zai kaɗa a taro ba, ba zai kuma karɓi ko kwabo saboda kiɗa ba. Ya ce da haka ya ga zai riƙe maganar mahaifinsa ba tare da ya kashe abin da ke ransa ba.

KOWACE WAƘA DA MAI ITA

Dalilin farko da ya ba ni na ƙin kaɗa sanannun waƙoƙi daga wannan alkawari ya samo tushe. Ya ce in duba da kyau, galibin manyan waƙoƙin Hausa da muke ji da su, kowace tana da masu ita har biyu, watau wanda ya yi ta da wanda aka yi wa.

Da na zauna na yi tunani sai na ga gaskiyarsa. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da yawa na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ne, shi ne ubangidansa. Na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, akasarinsu na sarakuna ne da manyan ƙasa. Hatta Alhaji Mamman Shata, da ake ce wa mawaƙin jama'a, waƙoƙinsa masu yawa sunan wani ne gindinsu, sarki ko attajiri ko direba. Har ila yau su kansu kayan kiɗan suna da iyayen gida. Ba a buga tambari ko a busa kakaki sai don sarki. Kalangu tun asali na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma kuwa sunanta ya faɗi masu ita. Kowane basarake da takensa, kowane ɗan dambe da nasa, kuma mai hankali ba ya kaɗa taken wani a ƙofar wani.

To, telan ya ce, idan shi ya ɗauki gurmi a shagonsa ya shiga wasa wani sarki da bai san da zamansa ba, me ya zama? In yana jiran kyauta, ya zama maroƙi, ya karya alkawari ke nan. In kuwa ba ya jiran kome, ya zama mai surutu da bakin wani. Bugu da ƙari, mutanen da suka yi waƙoƙin nan da su suka ci abinci, suka ciyar da 'yan amshinsu, wasunsu ma sun bar magada suna kaɗa su har yau. Shi da yake da keken ɗinki, ya ce, bai ga dalilin sa hannu a akushin wani ba. Hausawa dai sun riga sun yanke hukunci, sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

YINI GUDA A KAN AWON WANI

Dalili na biyu ya fi kusa da sana'arsa, kuma shi ne ya fi ba ni dariya da farko, kafin daga baya ya ba ni tausayi. Ya jawo littafin da yake rubuta awon mutane ya buɗe mini, shafi bayan shafi, tsawo da faɗi da hannu da wuya. Ya ce tun yana saurayi, daga safe zuwa magariba, bai taɓa yanka yadi yadda ransa ke so ba. Mai riga shi ke faɗin yadda za a yi. In ya ce aska biyu yake so a ƙirjin rigarsa, ba ka isa ka yi masa aska takwas ba, ko da kuwa ka san ita ta fi dacewa da yadin. In ka kuskure da inci guda, ka sayi rigar da ba taka ba.

Sananniyar waƙa, in ji shi, kamar littafin awon nan take. Kowa ya san tsawonta da faɗinta, saboda haka duk wanda ke sauraro alƙali ne. Ka sauya wuri guda, yaron da bai taɓa riƙe gurmi ba zai ce maka ba haka take ba. Shi kuwa bayan ya yini yana bin awon mutane, ba zai yarda da dare ma ya ɗauko wani awon ya ɗora wa kansa ba. A cikin kiɗan da yake ƙagawa, idan yatsa ya zame ya faɗa inda bai yi niyya ba, ba ya tsayawa ya gyara, sai ya sake taɓa wurin da gangan sau biyu ko uku, har kunne ya saba, daga nan zamiyar ta zama sabuwar hanya. Ya ce mafi daɗin abin da ya taɓa kaɗawa ta irin wannan ƙofa ya shigo.

Amma fa kada a ɗauka kiɗan nasa kara-zube ne. Na zauna na lura da shi dare da yawa, na ga yana da tsari. Da farko yakan ɗaure tsirkiyoyin biyu har sai amonsu ya yi masa daidai, ba ya kuwa gaggawa a nan. Sa'an nan ya kama wani ɗan gajeren kiɗa, wanda bai fi a ja numfashi a sauke ba, ya yi ta maimaita shi har ya zauna. Daga nan sai ya fara fita yana komowa, ya tafi nesa kaɗan ya dawo, ya ƙara nisa ya dawo. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suna kiran abin da ake komawa gare shi gindin waƙa, abin da ake ɗorawa a kansa kuma ɗiyan waƙa. Telan bai taɓa jin waɗannan sunaye ba, amma da na bayyana masa sai ya ce ai turke ne da akuya, tana iya kiwo duk inda igiya ta kai, muddin turken na nan.

Wani abin kuma shi ne, ko da yake da wuya ya buɗe baki ya yi waƙa, ya ce magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa da karinta, shi ya sa mai kalangu ke iya matsa tsirkiya a hammata ya kira sunan mutum ba tare da ya motsa leɓe ba. Haka shi ma yakan sa wata magana a ransa, ya bar yatsu su bi hawanta da saukarta. Mai sauraro yana jin kiɗa ne kurum, shi kaɗai ya san abin da aka faɗa.

ABIN DA BAKI BA YA FAƊA

Dalili na uku bai faɗe shi da wuri ba. Sai da muka saba, wani dare an ɗauke wuta muna zaune a duhu, ya ba ni labarin rasuwar uwargidansa, wadda suka yi kusan shekara talatin tare. Ya ce ranar da aka kai ta, da kwanakin zaman makoki, bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, domin shi ne babba, shi ake kallo, shi ke ba 'ya'ya haƙuri. Jama'a suka yi ta yaba dauriyarsa. Da kowa ya watse, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ga shi namiji, ga shi baƙo a ƙasar wasu, ba wa ba ƙane da zai zauna ya amayar wa.

Ya daɗe bai taɓa gurmin ba. Ran da ya ɗauko shi, ya ce da farko ya gwada wani tsohon kiɗa mai taushi da ya sani, amma bai yi nisa ba ya ajiye, domin kiɗan sai ya riƙa tuna masa da tashar mota da shagon mai shayi inda ya saba jin sa, ba da matarsa ba. Sai ya koma ya kama sunan da yake kiranta da shi a ɗaka, wanda ba wanda ya sani sai su biyu, ya mai da shi turke, ya yi ta zagaya shi har aka yi kiran assalatu. A wannan dare ne ya yi kukan da bai yi ba.

Daga nan ne, in ji shi, ya tabbata kayan aro ba ya rufe katara. Waƙar wani, kome daɗinta, an yanka ta ne daidai da baƙin cikin wani ko farin cikin wani. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma da yake halin da mutum ke ciki yau ba shi ne na jiya ba, kiɗan jiya ma ba zai yi masa yau ba, ko da shi ya ƙaga shi. Wannan ne ya sa ba ya damuwa da riƙe abin da ya kaɗa.

MASU CEWA LALACI NE

Ba kowa ne ya yarda da waɗannan dalilai ba. Akwai wani amininsa mai sayar da goro, tsararsa, wanda kan zo hira shagon, shi kuwa ra'ayinsa dabam. A ganinsa duk wannan dogon bayani rufa-rufa ce. Ya ce koyon waƙar manya wuya gare shi, sai an yi haƙuri an yi ta bita, wanda ya kasa kuwa sai ya fake da cewa nasa yake ƙagawa, tun da ba mai iya kama shi da kuskure. Ya ƙara da cewa in kowa ya ce nasa zai yi, wa zai riƙe na magabata?

Maganar tana da nauyi, kuma ban ɓoye wa telan cewa ta shige ni ba. Bai yi musu ba. Sai ya gyara zama ya kama wani kiɗa na Haruna Uji, shahararren makaɗin gurmin nan na Haɗeja, ya kaɗa shi tsaf yadda na san shi a kaset, har mai goro ya fara gyaɗa kai. Bai kai minti biyu ba ya tsaya. Ya ce shekarunsa na farko duka a kan kwaikwayo suka ƙare, yana sa kaset yana mayarwa har zaren ya tsinke. Wanda bai koyi yanka a kan awo ba, ya ce, in ka ba shi almakashi ɓarna zai yi. Saboda haka shi bai raina na magabata ba, a cikinsu ya koyi tafiya, kuma duk abin da yake ƙagawa da zarensu yake ɗinka shi.

A nan ne ya kamata mu tuna da wani abu da muka fara mantawa, watau su kansu manyan ba su ɗauki waƙoƙinsu abin da ba ya motsi ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. Don sha'awa ya fara, a dandali tare da samari, yana tallan goro da alewa, kafin abin ya zama sana'a. Babban abin da ya shahara da shi kuwa shi ne ƙaga waƙa nan take, ya dubi mutum ko abin da ke faruwa a gabansa ya ɗora a kan kalangu ba tare da shiri ba. Wannan baiwa na cikin abin da ya kai shi ga digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1988. Duk wanda ya saurari ɗauka biyu ta waƙa guda tasa zai ji gindin na nan, amma ɗiyan sun sauya.

Abin da ya daskarar da waƙa a kunnenmu na'ura ce. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe, don haka tilas makaɗin da ya saba raba dare yana kiɗa ya datse. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sa'an nan kaset ya bazu, sai ɗauka guda ta shiga kowane gida, aka yi ta jin ta har aka haddace, aka ɗauka ita ce waƙar, sauran duk kuskure ne. Alhali kuwa abin da aka ɗauka ɗin yadda ta zo wa mai ita ne a wannan rana kaɗai. Idan aka bi ta nan, telan Agege bai bar hanyar magabata ba, wata tsohuwar hanyarsu ce ya bi wadda ciyawa ta fara rufewa.

BA SHI KAƊAI BA NE

Irin wannan kiɗa na mutum da ransa ya daɗe a ƙasar Hausa, sai dai ba a ba shi suna ba domin ba a biyan kuɗi a kansa. Iyayenmu mata a bakin dutsen niƙa, ko a gindin turmi suna lugude, sukan ƙaga waƙa nan take, su saka abin da ke damunsu a ciki, habaici ga kishiya ko kewar gida, abin da ba za su iya faɗa a fili ba. 'Yan mata na yi da shantu, mai reno na yi wa jariri, makiyayi na yi da sarewa a bayan shanu, ba mai sauraronsa sai daji. Ba ɗayansu da zai ce maka shi makaɗi ne. Yanzu injin niƙa ya karɓe aikin dutse, waƙar ta bi dutsen, makiyayi kuma wayar hannu ce a aljihunsa tana yi masa kiɗan wasu.

Ko a ƙasashen Turawa, inda ake rubuta kiɗa a takarda a bi shi ɗigo-ɗigo, an sami masu wannan hali. Albert Einstein, mashahurin masanin kimiyyar nan haifaffen Jamus da ya sami lambar Nobel ta 1921, tun yana yaro yake kaɗa gogen Turawa don sha'awa, bai kuwa taɓa mai da shi sana'a ba. Ya ƙaunaci kiɗan Mozart ƙwarai, amma iyalinsa sun ba da labarin cewa idan lissafi ya cije masa yakan koma ga kiɗa, ya yi ta bin abin da ya zo hannunsa har tunanin ya warware. Da tsufa ya kama shi ya ajiye gogen, sai ya riƙa zama gaban fiyano yana ƙaga nasa. Da na ba telan wannan labari sai ya yi dariya, ya ce ashe Bature ma yakan gaji da awo.

ABIN DA ZA A RASA

Saura tambaya guda, wadda ita ta fi damuna a matsayina na ɗan jarida, mai sana'ar adana abin da ya faru. Duk abin da dattijon nan ya kaɗa cikin shekara arba'in ya tafi, ba ko ɗaya a faifai. Yaran shagonsa sun sha roƙonsa ya bari su ɗauka da waya, ya ƙi. Ni ma na roƙa, na yi alkawarin ba zan ba kowa ba, ya ƙi. Ya ce da zarar ya san ana ɗauka, to, ya sami mai riga ke nan, hannunsa zai fara neman abin da zai burge, ya daina neman abin da ke gaskiya. In kuma aka ɗauka ya yi daɗi, gobe za a ce ya maimaita, ya wayi gari yana kwaikwayon kansa. Ban da haka, abin da ya shiga waya ba ya da linzami, yana iya kaiwa kunnen surukan da yake gudu.

Ban sami abin da zan ce masa ba, ko da yake har yanzu ina jin ciwon abin. Na ji kiɗa a shagon nan wanda a ganina bai gaza na waɗanda ake sa wa a rediyo ba, kuma ran da Allah Ya karɓi ransa ba abin da zai saura sai gurmi a rataye. Amma na fahimci cewa abin da ya cancanci a adana a nan ba wani kiɗa guda ba ne. Halin ne, watau mutum ya iya zama da abin kiɗa shi kaɗai, ba don kuɗi ko suna ba, ya faɗa wa kansa gaskiyar abin da ke ransa. Wannan kuwa na'ura ba ta ɗaukarsa, sai dai yaro ya gani wurin babba. Saboda haka ina kira ga iyaye da malaman makarantu, idan suka ga yaro ya harhaɗa gwangwani da tsirkiya yana ƙyanƙyasawa, kada su yi saurin yanke cewa maroƙi zai zama. Mai yiwuwa ne tela zai zama, ko likita, ko malami, wanda wata rana zai bukaci inda zai sauke abin da ya yi masa nauyi.

Ranar da na je sallama ta ƙarshe, na riga shi isa shagon, ya tafi masallaci. Na tarar da ƙaramin yaran shagon, wanda bai fi shekara goma sha uku ba, ya saukar da gurmin yana taɓawa a hankali, yana jin motsina ya yi wuf ya mayar. Da dattijon ya dawo, yaran suka tashi, na ce, Baba, ka san ana taɓa maka kaya in ba ka nan? Ya ce ya fi wata shida da sani. Sa'an nan ya nuna mini bango, sai na ga ƙusa biyu, ɗaya can sama kusa da rufi inda gurmin yake a da, ɗaya kuma sabuwa a ƙasa, daidai inda hannun yaro zai kai. Ya ce bai ce masa kome ba, ba kuma zai koya masa waƙar kowa ba sai ran da ya tambaya da bakinsa.

Rigata kuwa na karɓa a daren nan, ta yi mini daidai kamar a jikina aka yanka ta. Allah Ya kai mu wata Sallar lafiya, amin.